Malam-buɗe-littafin da ya ɗauki laifina a Panyu

Sallama gare ku ƙawayena. Yau sati uku da dawowata, kuma har yanzu ban shiga gidan kowa na sha ruwa ba sai an ce, "Maman Ummi, ya China?" Kafin in buɗe baki an biyo da ta biyu: wai da gaske ne akwai wani ƙwaro a can mai makantar da yara? A gidan suna an tambaye ni, a wajen markaɗe an tambaye ni, har mai kitso sai da ta tsaya da kibiya a hannu tana jiran amsa. Na gaji da maimaitawa, kuma gaskiya kullum rabi nake faɗa. To ga shi na rubuta duka, wadda ta karanta ta tura wa wadda ba ta gani ba.

Abban Ummi dai kun san takalma yake saro wa 'yan kasuwa daga Guangzhou. Bana da ya ga zai daɗe sai ya ce in taho da Ummi mu yi masa wata biyu. Ummi shekararta uku, kuma sunan Hajiya mahaifiyarsa ta ci. Hajiya ba ta so tafiyar nan ba ko kaɗan. Ranar da na je sallama ta ɗora yarinyar a cinya ta duba ta daga kai har ƙafa, kamar mai neman huji a sabuwar atamfa, sannan ta ce yadda na ɗauki takwararta haka za ta karɓe ta, ko ƙurji ɗaya ba ta yarda ba. Na ce in Allah ya yarda. Maganar nan ita na yi ta dako har na dawo, ta fi akwatina nauyi.

Daga Kano muka sauka Habasha, muka jira wani jirgin. Kunnen Ummi ya toshe, ta yi ta tsala kuka har wata mata 'yar Ghana, mai irin Hausar nan ta Zango, ta miƙo mata alewa ta ce ta tsotsa. Jirgi na biyu ya fi awa goma a sama. Ƙafafuna suka kumbura har takalmin ya ƙi shiga, ni matar mai takalma na sauka da silifas ɗin banɗaki.

A filin jirginsu na Baiyun aka ɗauki hoton fuskata da zanen yatsuna, aka ce in ja hijabi baya goshina ya fito. Wannan duk da sauƙi. Ina ɗaukar jakar kayan miya sai ga wani ɗan kare sanye da riga ya zo ya shinshina ta, ya zauna a gabanta kamar an kira shi cin tuwo. Aka ce in buɗe. Kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa ɗanta, suka ɗauke, wai ba a shiga da nama. Attaruhuna ɗanye da na zaɓa ɗaya-ɗaya a kasuwa, suka ɗauke. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka juya suka juya suka bar min. Da aka zo kan daddawa, ma'aikacin ya kwance ledar ya kai hanci, ya ja da baya, ya ɗaure ta da kansa ya miƙo min da hannu biyu. Muna isa gida aikin da na fara shi ne wanke jakar da kare ya taɓa.

Gidan yana wata unguwa da ake kira Panyu, can kudancin garin, sai an yi fiye da awa a jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Hawa na sha bakwai. Ni da ko benen maƙwabta ba na son hawa. Na leƙa taga sau ɗaya na hango motoci kamar kiyashi, na samu tsohon ɗankwali na ɗaure hannun tagar, Abban Ummi yana ta dariya wai ai akwai ƙarfe. Na ce ƙarfen ya yi nasa, ɗankwali ya yi nasa.

Abin da ya fi ƙona min rai a garin nan danshi ne. Teku ba nisa, iskar da ke tasowa daga can ɗumi ce mai ruwa-ruwa. Bango yana gumi kamar mutum. Ki yi wanki ranar Asabar, Talata ki taɓa shi kamar yanzu kika matse. Kuma cikin wannan zafin ruwan zafi suke sha, kowa da ɗan tulunsa a hannu. Maƙwabta kuwa ba sallama, ba ina kwana, ba mai aiko miki da ko ɗan kwano ki ɗanɗana. Ku haɗu a na'urar hawa bene, kowa ya zuba wa wayarsa ido. Amma da sun ga Ummi sai a taru, wannan ta taɓa kitsonta, wannan ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto. Bakina bai huta da addu'ar tsari ba.

Kalma uku Abban Ummi ya koya min. Nihao, gaisuwa. Shiye-shiye, na gode. Meyo, wato babu. Ta ukun ita na fi ji. Manja? Meyo. Turmi? Meyo. Sau ɗaya ya kai mu kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, bene kan bene duk takalmi, kowa yana ce masa laoban, wai maigida, shi kuma yana wani ɗaga kafaɗa. Daga nan muka ci taliya a shagon wasu Musulmin ƙasar masu farar hula. A gabanki za a ja ta da hannu, abin sha'awa, amma sai aka kawo min tsinke biyu wai da su zan ci. Na yi ta kokawa har romon ya huce, ƙarshe na nemi cokali.

Allah ya taimake ni da Hajiya Rabi, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke hawa na tara, ta daɗe tana sarin kaya a can kuma tana jin yarensu na kasuwa. Ɗiyata take ce min. Ita ta kai ni kasuwar kayan miya, da na yi mata kukan attaruhuna ta nuna min wani barkono ja, siriri, bai fi yatsar jariri ba. Ta ce wannan tonkar ba ta wasa ba ce, in yi a hankali. Na ce a raina, ni da na tashi a kan attaruhun Kano.

A ƙasan benen akwai lambu, ciyawa shimfiɗe da furanni, gefe guda kuma tsofaffi sun jera bokitai suna shuka ganye. Da safe tsofaffin mata sukan kunna kiɗa su jeru suna rawa a hankali, ba biki ba suna. Can nake kai Ummi ta sha iska, tana bin wasu 'yan mitsi-mitsin malam-buɗe-littafi da ke tashi ƙasa-ƙasa, ko gwiwarta ba sa wucewa.

Ranar da abin ya faru Abban Ummi ya fita tun bayan asuba zai kai kaya wajen masu jirgi a Baiyun. Muka sauka lambu muka dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ban lura ba ashe Ummi ta dunƙule hannu tun daga ƙasa. Na shiga kicin zan kaɗa miyar kuka, tunda ba turmi sai na zauna ina yanka barkonon nan da wuƙa, ina ƙwaƙule 'ya'yan da farce. Sai ga ta a bakin ƙofa.

"Mama, kin ga tsuntsuna."

Ta buɗe hannu. Ya riga ya mutsittsike, tafin hannunta duk wani gari mai toka-toka yana ɗan ƙyalli. Na ɗago na dubi fuskarta, ga garin a kumatu, ga shi a ƙasan idonta na hagu.

Ku da muka tashi tare kun san abin da Inna kakata take yi mana in ta kama mu da malam-buɗe-littafi. Ba ta duka a kan komai sai wannan. Kullum faɗa take garin fiffikensa in ya shiga ido yaro ya makance ke nan. Na Kano ma ke nan, wanda muka sani, balle na ƙasar da ban san dafin komai nata ba. Na yar da wuƙa, na damƙo kan yarinyar, na buɗe fatar idon, na share da yatsa ciki da waje, na hura. Ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Kafin in ƙirga goma ido ya kaɗa ya yi jajur kamar garwashi. Na kai ta famfo ina ɗiban ruwa da hannu ina wankewa, ina wankewa abin yana ƙaruwa, har na dama ya fara ja.

Na kira Abban Ummi sau shida, bai ɗauka ba. Ga shi kullum ƙarfe huɗu na can, daidai Hajiya ta gama karin kumallo a nan, sai ta kira ta bidiyo ta ce a nuna mata takwararta. Na dubi agogo, na dubi idon.

Na tsinci ɗan ɓarin fiffiken da ya rage na ƙulle a bakin ɗankwali, na saɓi yarinya na yi hawa na tara. Hajiya Rabi ta karɓe ta, ta wanke mata fuska da ruwan gora, ta ɗora mata jiƙaƙƙen tawul, ta ce mu tafi likita yanzu, haka mutanen Maraɗi suke kiran asibiti. Na ce ba inda za ni sai da ƙwaron. Lokacin da kunama ta harbi yayana abin da mai magani ya fara tambaya shi ne baƙa ce ko ja. Wanda maciji ya sara ma da gawar macijin ake kai shi. In likita ya ce wane iri ne, me zan ce masa, ni da ko "ido" ban iya faɗa da yarensu ba? Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce ta ba ni minti goma sha biyar, in sun cika ko da ƙwaro ko ba ƙwaro za ta tafi da yarinyar. Ta goya ta muka sauka.

Na kwance ƙullin na ƙare wa fiffiken kallo. Launin toka ne, da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an diddiga kwalli, kowane ɗigo da farin zobe kewaye da shi. To na san abin da nake nema. Na cire mayafi na riƙe shi kamar koma, na shiga ciyawa.

Wallahi ko ɗaya mai launin toka babu. Duk masu tashi a kan ciyawar shuɗaye ne, irin shuɗin bula da ta sha ruwa. Wajen bokitan ganye kuma farare ne, sun fi su girma. Na ce ko farin ne ya yi datti a hannun yarinya, na bi ɗaya na zagaye bokiti uku na rufe shi da mayafi. Na duba, fari fat da baƙi a bakin fiffike, ba shi ba ne, na sake shi. Mai gadi ya taso yana ta magana yana nuna ƙafata, wai ba a taka nan. Tsofaffin da ke zaune a inuwa da jikokinsu duk suka juyo. Ga ni mace da girmana, gumi sharkaf, ina tsalle a bayan ƙwari, 'yata tana kuka a bayan wata. Hajiya Rabi ta ɗaga murya ta ce saura minti biyar.

Sai wata 'yar tsohuwa mai faffaɗar hula ta ajiye butar ban-ruwanta ta nufo ni. Hajiya Rabi ta ce mata Ayi, wato kamar gwaggo, ta yi mata bayani da ɗan yaren da take ji tana nuna idon Ummi. Ayi ta miƙo hannu na ɗora mata fiffiken. Ta sa tabarau, ta duba sau ɗaya, ta gyaɗa kai. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni gefen hanya, ta tsuguna, ta janyo ni na tsuguna. A gabanmu wata 'yar ciyawa ce mai rarrafe, ganyenta uku-uku, furenta rawaya ɗan ƙarami. Na fara magana ta ɗora yatsa a baki.

Raina in ya yi dubu ya ɓaci. Ina da lokacin zaman kallon ciyawa? Zan miƙe ke nan ta ƙara matse hannuna. Ɗaya daga cikin shuɗayen nan ya zo yana rawa-rawa, ya sauka a kan furen, ya rufe littafinsa.

Toka. Da ɗigon kwalli, da farin zobe, komai da komai.

Ashe shuɗin a ciki yake, bangon ne mai toka. Yana sama ki ga shuɗi, ya sauka ya rufe ki rantse wani ne daban. Tun ɗazu su nake kora da mayafi ina cewa su ba ni wuri. Gaba ɗayansa bai fi farcen babbar yatsata ba. Bakin fiffiken da wata siririyar geza fara, ɗigon na gefe a jere kamar ɗinkin hannu, 'yan ƙahonninsa kuma zane-zane ne, baƙi da fari. Ya ɗan buɗe, shuɗin ya leƙo, ya sake rufewa. Wani ya sauka kusa da shi, shi cikinsa duhu ne, ruwan ƙasa-ƙasa. Ayi ta nuna mai duhun ta nuna ƙirjinta, ta nuna shuɗin ta nuna wani tsoho da ke gyangyaɗi a benci. Hajiya Rabi ta ce ka ji, ko a nan ma namiji ne da babbar riga.

Ni ba ta dariya nake ba. Na ce ta tambaye ta dafi. Ayi ta ciro waya ta yi mata magana, wayar ta mayar wa Hajiya Rabi da Faransanci, ita kuma ta mayar min da Hausa. Wai da sunan ciyawar nan ake kiransa a yarensu, don a kanta yake ƙwai, tsutsarsa ita take ci, kuma duk lambun da ciyawar take daga nan har bakin teku yana nan, ba a ƙirga shi a bakin komai. Na ce ni dafi na tambaya.

Ayi ta dube ni ta saman tabarau.

"Meyo," ta ce.

Ta cire tabaran, ta murza ɓarin fiffiken a yatsa, ta shafa a fatar idonta kamar mai sa kwalli. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta buɗe min idon tarwai. Sannan don ta nuna min ko abincinsa ba abin tsoro ba ne, ta tsinki ganyen ciyawar ta tauna, ta yi min alama in yi.

Na tsinka na kai baki. Tsami, sak yakuwa. Ina shirin cewa haka sai na ji leɓena ya kama da wuta, daidai inda yatsata ta taɓa. Na sauke hannu na duba. Ga ɗan barkono ɗaya, fari, maƙale a ƙarƙashin farcena.

Na daɗe a tsugune. Hajiya Rabi ta matso, Ummi a bayanta ta yi shiru tana kallon ƙwarin da ido ɗaya da rabi, don tun da hannuna ya bar fuskarta abin ya fara lafawa.

"Ɗiyata, me kike yi sa'ad da ta kawo miki shi?"

Ta kama hannuna ta kai hanci, ta yi atishawa. Ta miƙa wa Ayi hannun, ita ma ta shinshina. Ba a buƙaci waya ba. Tsofaffi biyu, ɗaya 'yar Maraɗi ɗaya 'yar Panyu, suka dafa juna suna dariya har da hawaye, ni ina tsakiya da mayafi a hannu. Na ce shiye-shiye da ƙyar.

Duk da haka sai da muka je shagon magani, mai shagon ta duba idon ta ba mu ruwan ɗigawa. Hajiya Rabi ta sa na cuɗa hannuna da man gyaɗa da sabulu har sau uku, amma raɗaɗin bai bar farcena ba. Ƙarfe huɗu waya ta yi ƙara. Idon ya buɗe, sai dai ja da kumburin suna nan. Hajiya ta matso da fuskarta jikin waya.

"Me ya samu idon takwarata?"

"Malam-buɗe-littafi ta kama, Hajiya."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, sai kuka ya ƙwace min. Ta ƙare min kallo, sannan ta ce Allah ya kyauta, a dinga kula. Washegari ido ya washe tas. Amma kafin sati labari ya zaga unguwarmu Kurna, ya shiga gidajenku, kuma na ji a bakin wasu ƙwaron har ya kai girman jemage.

Sauran kwanakin danshi bai ragu ba, wanki bai bushe ba, ban kuma iya cin abinci da tsinke ba. Sai dai kullum da safe ni da Ummi mukan tsuguna gefen hanyar nan. Ta iya cewa wannan baba ne, wannan mama ce, hannunta a baya kamar yadda Ayi ta koya mata. Ni kuwa duk wanda ya sauka ya rufe fiffike sai in ji kamar ni yake juya wa baya.

Juma'ar da ta wuce na kasa daurewa. Na je gaida Hajiya, na jira aka watse, na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga wuƙa har ɗan barkonon da ke farcena. Tana ta gyaran zogale ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce ai ta sani tun ranar. Na ce wa ya faɗa mata, ko Abban Ummi ne.

"Ba wanda ya faɗa min. Kina kuka kina share hawaye da gwiwar hannu, yatsu a sama. Shekara nawa na yi ina jajjage?"

Na ce to Hajiya, me ya sa kika ce wa mutane ƙwaro ne?

Ta tura min farantin zogalen ta ce in taya ta.

"Gwaggwannin yarinyar nan bakwai ne, kowacce da bakinta. Shi kuwa ƙwaron ba shi da dangi a Kurna."

To kun ji. Malam-buɗe-littafin can ɗan ƙarami ne, cikinsa shuɗi, bayansa toka da ɗigon kwalli, kuma bai taɓa yi wa kowa komai ba. Tunda ba shi da dangi a nan, ni na tsaya masa. Wadda za ta je ta wanke hannu bayan barkono, ta kuma tafi da ƙaramin turmi.